Saƙon da ke tafiya ba mai shi: kafofin sada zumunta da yaɗa ilimin kimiyya cikin Hausa

Tun daga 1963, shekarar da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar, tambaya ɗaya ce ke gaban masu tsara aikin wayar da kai, watau ta wace hanya abin da masani ya gano a ɗakin bincike ko a gonar gwaji zai isa ga manomi da makiyayi da mai goyo, cikin harshen da suke ji, ba tare da ya lalace a hanya ba. An gwada hanyoyi da dama. An buɗe azuzuwan karatun manya, an buga ƙananan jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi, an soma talabijin ta makaranta cikin 1964. Amma wadda ta fi cancanta a tuna da ita a nan ita ce hanyar ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, waɗanda aka kafa cikin 1962.

Tsarinsu ba shi da wuyar ganewa. Mutanen gari sukan taru wajen akwatin rediyo ɗaya, su saurari shiri a kan noma ko kiwon lafiya, sa'an nan jagoran taro, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara. Yakan ɗauki muryoyin masu magana da na'ura, a aika da su Yamai, a tace, a sake watsa su cikin wani shiri. Abu biyu ne suka ba wannan tsari ƙarfi. Na farko, magana tana zuwa tana komawa. Na biyu, akwai mutum tsaye tsakanin saƙo da masu sauraro, wanda ya san inda saƙon ya fito, wanda ake iya yi wa tambaya, wanda kuma in wani ya juya zance zai ce masa ba haka aka faɗa ba.

Kafofin sada zumunta na wayar salula, watau WhatsApp da Facebook da TikTok da makamantansu, sun dawo da abu na farko fiye da yadda kowa ya zata. Na biyun ne suka kawar. Abin da ya rataya a wuyan masu binciken harshe da masu tsara karatun manya game da waɗannan kafofi, kusan duka daga wannan rashi ya taso.

Murya ta riga rubutu

A ƙasashen Turai da Amurka, in an ce masana suna amfani da kafofin sada zumunta don su kai ilimi ga jama'a, abin da ake nufi galibi rubutu ne: masani ya rubuta taƙaitaccen bayanin bincikensa, masu karatu su amsa. A ƙasar Hausa, musamman a karkarar Maraɗi da Damagaram da Tawa, al'amarin ya sha bamban. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mata kuwa sun fi maza ƙaranci ƙwarai. Saboda haka abin da ya buɗe wa mutanen karkara ƙofa shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi cikin 2013. Mutum ya danna, ya yi magana, ya saki. Ba ya bukatar baƙi ko wasali, ba ya bukatar faransanci. Hoto da ɗan gajeren bidiyo suna biye.

Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin Nijar, tana cikin waɗanda suka fara gane haka. Cikin 2017 ta buɗe cibiyar da manomi zai kira ya nemi shawara, ta kuma haɗa aikin da zaurukan WhatsApp inda ake magana da Hausa da Zabarmanci. Manomi ya ɗauki hoton ganyen da ya lalace, ya bi shi da murya yana bayanin abin da ya gani, malamin gona ya duba ya amsa, sauran mutanen zaure suna ji. Lokacin ya zo daidai da shigowar tsutsar masara da masana ke kira Spodoptera frugiperda, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take, aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a farkon 2016. Wannan tsutsa tana da alamun da hoto mai kyau ke nunawa: zane mai rassa biyu a goshinta, ɗigo huɗu a kusa da wutsiya, da kashinta mai kama da garin katako cikin kunnen masara. Abin da dā sai malamin gona ya hau babur ya yi tafiyar yini kafin ya gani, ga shi ya zo masa cikin tafin hannu.

Muddin ana cikin irin wannan zaure, jagoran taro bai ɓace ba. Akwai malami sananne, akwai mai tambaya sananne, kuma in amsa ba ta gamsar ba a sake tambaya. Matsala tana farawa ne sa'ad da wani ya ga amsar ta yi masa daɗi, ya tura ta zauren danginsa, daga can wani ya tura ta zauren ƴan kasuwa, har ta kai ga masu cajin waya da ke zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a katin salula. Daga wannan lokaci saƙon yana tafiya ba mai shi. Ba a iya tambayarsa, ba a iya kiransa ya dawo, ba ya kuma tsufa a kunnen wanda ya ji shi yau.

An ga iyakar haɗarin wannan a Nijeriya a farkon watan Agusta na 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shiga Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya bazu ta waya da kafofin sada zumunta cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga cutar. Kafin hukumomin lafiya su ƙaryata, mutane da yawa sun kwanta asibiti, aƙalla biyu sun rasu. Wanda ya aiko wa kowa saƙon ɗan'uwansa ne ko amininsa, don haka ba a tsaya tambayar asalinsa ba. Wani bincike da Vosoughi da Roy da Aral suka buga cikin 2018, bayan sun bi sawun labarai kimanin 126,000 a dandalin Twitter, ya nuna cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya takan ɗauki wajen ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Binciken a kan rubutun Ingilishi aka yi shi, ba a kan muryar Hausa ba, amma dalilin da suka bayar bai keɓanta da wani harshe ba: abin mamaki da abin tsoro sun fi saurin fita daga baki. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya cikin 2019, ya ƙara matsewa cikin 2020 lokacin annobar korona. Wannan ya rage gudu, bai mai da jagoran taro ba.

Tun da ba za a iya bin kowane saƙo da mutum ba, abin da ya rage shi ne a gina saƙon yadda zai ɗauki jagoransa a cikinsa. Wannan aikin harshe ne kafin ya zama aikin na'ura.

Suna, rana da wuri

Abu mafi sauƙi, wanda kuma aka fi mantawa, shi ne mai magana ya faɗi ko shi wane ne, da ma'aikatar da yake magana da yawunta, da ranar da yake magana, da yankin da maganar ta shafa, duk a cikin muryar kanta. Rubutun da aka liƙa a ƙarƙashin saƙo yakan faɗi a turawa ta farko, wanda bai iya karatu ba kuwa dā ma bai gan shi ba. Gargaɗin fari ko na ambaliya da aka yi don wata damina yakan sake bayyana bayan shekara biyu kamar sabo. Shawarar shuka da ta dace da Gaya, inda ruwan shekara yake kai wa milimita 800, tana iya jawo asarar iri a Tanut, inda sau da yawa ba ya kai 300. Al'adar Hausa ma ta tanadi gurbin wannan, domin mai shela ba ya fara magana sai ya faɗi wanda ya aiko shi.

Wuri yana da wata fuska da ta shafi masu nazarin karin harshe kai tsaye. Saƙo ba ya tsayawa a iyakar Ɗan Isa ko ta Magarya. Abin da Bakano ke kira gero, mutumin Maraɗi hatsi yake ce masa, alhali a Kano hatsi ya haɗa gero da dawa da sauransu. Gujiya a yammacin ƙasar Hausa ita ce gyaɗa, amma a Kano in an ce gujiya wani abu dabam ake nufi, wanda mutanen yamma ke kira kwaruru. Malamin gona da ya yi bayanin cutar gujiya a Tawa, in muryarsa ta kai Kano, ya yi magana ne a kan shukar da bai nufa ba. Maganin wannan ba ya da tsada: a ambaci sunayen biyu sau ɗaya a farkon saƙo. Sai dai kafin malamin gona ya yi haka, dole wani ya ba shi jerin kalmomin da ke da irin wannan tarko, kuma wannan jeri ba ya hannun kowa sai masu binciken harshe.

Awo

A wajen awo ne saƙo ya fi saurin lalacewa, nan ne kuma lalacewarsa ta fi cutarwa. Masani yana tunani da giram da lita da hekta. Mai sauraro yana auna abu da tiya, da gwangwanin tumatir, da murfin kwalba, da cokali, da tafin hannu. In ba masani ya yi juyin da kansa ba, mai turawa na uku ko na huɗu zai yi masa, bisa ga yadda ya ga dama.

Akwai misali mai kyau a aikin da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yi tare da INRAN a kan zuba takin zamani kaɗan-kaɗan a ramin shuka. Ƙa'idar ita ce giram 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane rami, ko giram 2 na takin DAP. In gona tana da rami 10,000 a hekta, wannan ya kama kilo 60 na farkon ko kilo 20 na biyun. Ba manomin da zai ɗauki sikeli zuwa gona, saboda haka aka mai da awon zuwa cikin murfin kwalbar lemo da tsinken yatsu uku. Dabarar ta yi kyau, amma a lura da abin da ke faruwa in an taƙaita ta a murya. Mai turawa ya riƙe “murfi ɗaya a rami”, ya manta da sunan takin. Wanda ke da DAP ya cika murfi, ya zuba wajen ninki uku na abin da aka ce, a ƙasa mai ƙarancin laima, kusa da ƙwayar iri. Don haka awo da sunan abin da ake aunawa su zauna cikin jimla ɗaya, manne da juna, yadda ba za a iya ɗaukar ɗaya a bar ɗaya ba. In da hali a maimaita jimlar sau biyu da kalmomi iri ɗaya, kamar yadda malamin allo ke biya wa almajiri.

Haka yake ga ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa yaro mai zawo a gida in ba a sami na sashe ba: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kalma uku ne ke riƙe da lafiyar yaron a nan, watau “ƙaramin”, da “a shafe”, da “rabin”, kuma su ne irin kalmomin da baki ke zubarwa in ana sauri. In shida da rabi suka yi musanyar wuri, abin da aka haɗa ya zama cuta. A irin wannan hali bidiyo na daƙiƙa talatin da ke nuna hannu da cokali ya fi dogon bayani, domin hoto ba ya canza adadi komai yawan turawa.

Kalmomin da ke ɗauke da fiye da abin da aka nufa

Hausa ba ta rasa kalmomin kimiyya ba kamar yadda wasu ke zato. Abin da ya fi damun mai bayani shi ne kalmar da ke akwai, wadda kowa ya sani, amma faɗinta ya wuce na abin da masani ke nufi.

A ɗauki kalmar magani. Ita ce ta abin da likita ke ba marar lafiya, ita ce ta abin da ake fesa wa ƙwari, ita ce ta abin da ke kashe ciyawa. A kunnen Bahaushe magani abu ne mai gyara, wanda in kaɗan ya yi amfani, da yawa zai fi. Kasuwannin kan iyaka kuwa cike suke da magungunan feshi masu takarda da Ingilishi, waɗanda manomin Nijar ba ya iya karantawa ko da ya yi makaranta, da wasu da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ba takarda ko kaɗan, irin wanda ake kira fiya-fiya. Saƙon da ya ce “a sa magani” bai gaya wa mai sauraro cewa abin yana shiga jiki ta fata ba, ko cewa akwai kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinkar tumatir, ko cewa galan ɗin da ya ƙare ba na zuba ruwan sha ba ne. Ya kamata kalmar guba ta fito a kowane saƙo irin wannan aƙalla sau ɗaya. Mai sayarwa ba zai so ta ba, amma ita ce ke faɗin gaskiyar abin.

Kalmar ƙwaro tana da kishiyar wannan matsala, domin ita cuta kawai take kawowa a zuciya. Masu binciken INRAN da na jami'ar Maraɗi sun daɗe suna yaƙar murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ta hanyar sakin wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, wanda ke saka ƙwansa a jikin tsutsar, ƴaƴansa su cinye ta. Ana kai shi ƙauyuka cikin ƙananan buhunan algarara, a rataye, ya fito ya bazu cikin gonaki. In aka ce wa manomi an saki ƙwari a gonarsa ba tare da ƙarin bayani ba, abin da zai fara tunani shi ne feshi, feshin kuwa mataimakin zai fara kashewa. Saƙon yana bukatar ya raba ƙwari gida biyu tun daga jimlar farko, masu ɓarna da masu taimako, ya kuma faɗa a fili cewa inda aka rataye buhu ba a feshi.

A fannin lafiya, ƙwayar cuta ta haɗa abu biyu da likita ke rabawa nesa da juna, domin maganin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa bairas. Muddin suna ɗaya suke amsawa, da wuya a gamsar da mai mura cewa kafso ba zai yi masa kome ba. Aro ya zama dole a nan, sai dai aron ma ya rabu biyu, tun da mai karatun faransanci birus zai ce, mai karatun Ingilishi ya ce bairas. Shawara ita ma ta haɗa cututtuka da dama da ke sa ido ya yi rawaya, waɗanda hanyar kamuwa da su ba ɗaya ba ce. Sanƙarau kuwa ya ba da darasi mai tsada. Daga 2010 aka yi babban gangamin rigakafin nau'in A a Nijar, nau'in da ya daɗe yana haddasa manyan annobai, kuma allurar ta yi aiki ƙwarai. Cikin 2015 sai annoba ta ɓarke da nau'in C, ta kama mutum fiye da 8,000, ta kashe fiye da 500. Ga wanda aka gaya wa cewa an yi masa “rigakafin sanƙarau” kurum, abin da ya gani shi ne an yi allura kuma cuta ta dawo. Gajarta bayani a shekarar farko ita ce ta buɗe ƙofar shakka a shekara ta biyar. A wannan shekara ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi game da jabun alluran sanƙarau da aka samu a ƙasar, abin da ya ƙara nuna cewa saƙon rigakafi bai cika ba sai ya faɗi inda ake samun na gaskiya.

Yadda ake faɗin abin da ba a tabbatar ba

Akwai wani nau'in ilimi da ya fi dukan waɗannan wuyar ɗauka a murya, shi ne hasashe. Kowace shekara kafin damina, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa cikin 1974, takan haɗu da ma'aikatun yanayi na ƙasashen yankin su fitar da hasashen damina. Ba su cewa za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Sukan raba yiwuwa gida uku, watau ruwa fiye da yadda aka saba, ko daidai, ko ƙasa da haka, su ba kowane gida kasonsa. A misali, in an ba gidan farko 45, na biyu 35, na uku 20, ma'anar ita ce damina mai yawan ruwa ta fi sauran yiwuwa, amma ba ta kai ko rabi ba. Kafin wannan ya ratsa zaure uku ya zama “masana sun ce bana akwai ruwa”. In damina ta zo da ƙaranci, sai a ce masana sun yi ƙarya, alhali sun ba wannan kaso ɗaya cikin biyar tun farko.

Hausa tana da matakan shakka masu yawa: lalle, da alama, mai yiwuwa, wataƙila, da wuya, da ƙyar. Abin da ba a yi ba shi ne a jera su, a gwada su a kunnen manoma na yankuna dabam-dabam, a ga wace ce ke nufin fiye da rabi, wace ce ke nufin ƙasa da haka, sa'an nan a tsai da amfani ɗaya da masu hasashe za su riƙe. Akwai kuma hanyar ƙirga da shekaru, wadda ta fi kusa da yadda manomi ke tunani: cikin damina goma masu irin alamun bana, huɗu ko biyar sukan zo da ruwa mai yawa, biyu sukan zo da ƙaranci. Jimla irin wannan tana da wuyar gutsurewa, domin wanda ya faɗi rabinta zai ji da kansa cewa bai gama ba.

Rabon karatun manya

Cikin 2009 da 2010 an yi wani gwaji a jihohin Doso da Damagaram, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka auna sakamakonsa. A wasu azuzuwan karatun manya an ƙara koya wa ɗalibai amfani da salula, a wasu an bar darasi yadda aka saba. Waɗanda suka koyi salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Dalilin a bayyane yake: a wancan lokaci rubutaccen saƙo ya fi kira arha, don haka wanda ya koyi baƙaƙe yana da abin yi da su kowace rana. Saƙon murya ya rage wannan dalili. Mai tsara karatun manya da ke murna da yaɗuwar salula ya kamata ya san cewa salular yau ba ta tura mutum ga rubutu kamar ta 2009.

Duk da haka rubutu bai rasa gurbi ba, gurbinsa ne ya sake. Murya ba ta da kyau wajen ajiya. Wanda ke neman awon taki da ya ji wata uku da suka wuce sai ya sake sauraron saƙo hamsin, alhali rubutu kalma ɗaya za a nema a same shi. Sunan magani a jikin kwalba, da ranar ƙarewar aikinsa, da adadin da ke jikin buhu, duk ido ne ke karanta su. Darasin karatun manya da aka gina a kan waɗannan, tare da saƙon murya da ke da ɗan rubutu na layi biyu mai maimaita suna da awo, zai sa kunne da ido su taimaki juna.

Sai dai rubutun Hausa da ke yawo a kafofin ya yi nisa da ƙa'idar da aka fara shimfiɗawa a taron Bamako na 1966, aka kuma daidaita tsakanin Nijar da Nijeriya a taron Yamai na 1980. Matashin da ya yi makarantar faransanci yakan rubuta tchouta inda ƙa'ida ta ce cuta, ya rubuta ou a maimakon u. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa kusan kowa yana zubar da su, ko da yake allunan rubutu na salula masu ɗauke da su sun samu. A hira wannan ba ya hana fahimta. A saƙon lafiya, bari da ɓari ba abu ɗaya ba ne, haka nan kari da ƙari. Kuma kalmar da aka rubuta ta hanya uku, in an neme ta, kashi ɗaya cikin uku za a samu. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ma'aikatun da ke fitar da saƙo da sunan hukuma ba su da hujjar rubuta ta yadda suka ga dama.

A kuma tuna cewa ba kowa ke cikin zaure ba. Babbar salula mai ɗaukar WhatsApp ta fi yawa a hannun maza da matasa da mutanen gari, alhali mai haɗa ruwan gishiri da sukari, da mai ajiyar wake, da mai kiwon awaki a gida, mace ce galibi. Yawan waɗanda suka buɗe saƙo ba ya nuna ko ya kai gare ta. Rediyon karkara da taron mata suna nan da aikinsu, kuma saƙon da aka gina da kyau don salula ana iya sa shi a rediyo ba tare da an taɓa shi ba.

Akwai wata riba da masu binciken harshe ba su fara ɗiba ba tukuna. Tambayoyin da manoma ke aikowa da muryarsu cike suke da sunayen ƙwari, da na cututtukan shuka da na dabbobi, da na irin ƙasa, kowanne da karin yankinsa, da yawansu kuma haɗe da hoton abin da ake nufi. Ƙungiyoyin masu sauraron rediyo sai da suka bi ƙauyuka da na'ura kafin su sami irin wannan. Yanzu yana zuwa da kansa, yana kuma gogewa duk ranar da salula ta cika ko ta lalace. Tattara shi yana bukatar yardar masu muryoyin, da cire sunaye da lambobin waya, da yarjejeniya tsakanin ma'aikatun gona da na lafiya da cibiyoyin harshe game da wanda zai ajiye da wanda zai duba. In an yi haka, kowace kalma za ta shiga ƙamus da sunan yankin da aka ji ta, da hoton abin da take nufi, da sunan da masana ke kiransa da shi.